Kwamfutar da ta yi barci ta ƙi tashi

Shagon gyaran kwamfuta gare ni a Birnin Kebbi, ni da yara biyu masu koyon aiki. Galibin abin da ake kawo mana laftof ce ta hannu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso hannun ɗaliban kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar tarayya da ke Kalgo, da malaman makaranta, da masu shagon buga takardu. In ka cire fashewar allo da ƙonewar caja, babu ƙorafin da ya kai na barci yawa, wato yanayin da kwamfuta ke lafawa in an rufe murfi ba tare da an kashe ta ba. Wani zai ce ya rufe murfi, da ya buɗe sai allo ya yi baƙi ƙirin alhali fitila na ci. Wani ya ciro ta daga jaka da zafi, batir ya ƙare. Wani kuma da zarar ta farka sai ta nuna shuɗin allo ta sake kunna kanta.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin da aka saba yi wa duka ukun: fomatin. A goge komai, a zuba sabuwar Windows, a karɓi kuɗi. Na sha ganin ɗalibi ya zo daga Aliero ko Jega idonsa ya yi ja, an goge masa furojet ɗin da ya yi wata da watanni yana rubutawa, ga shi kuma matsalar ta dawo. Dole ta dawo, tunda ba a taɓa tushenta ba. Kwamfuta tana rubuta abin da ya same ta, sai dai ba kowane mai gyara ke da haƙurin karantawa ba.

Tsarin barcin nan ya samo asali daga ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, wadda ta jera matakai daga S0, wato tana aiki, zuwa S5, wato a kashe. Barcin da aka sani shi ne S3: komai ya tsaya, amma aikinka na nan riƙe cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuwa RAM ba ta riƙe komai sai da 'yar wuta. To a nan muke shan wahala. Laftof ta hannu sau da yawa batirinta ya riga ya gaji. Mutum ya rufe murfi ya tafi sallar Azahar, a ɗauke wuta, batir ya ba da abin da ya rage masa, shi ke nan, duk abin da ba a adana ba ya tafi. In ya kunna ya leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya same ta, sai ya ga jan gargaɗi, Kernel-Power 41, hankalinsa ya tashi. Wani malami ya taɓa ce mini, "Injiniya, an ce madabod ɗin ne ya tafi," wato babban faifan da ke haɗa kayan cikinta. Na ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Wannan saƙo cewa kawai yake yi ta mutu ba a kashe ta yadda ya kamata ba." Ko madannin kunnawa ka danne har ta mutu, wannan lambar za ka gani. Ba ta faɗin dalili. Sai mu buga wa Windows umarnin powercfg /batteryreport mu gwada ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa, galibi a nan magana ke ƙarewa.

Shi ya sa nake juya wa mutanen nan rufe murfi zuwa dogon barci, S4, wanda Windows ke rubutawa Hibernate. Shi kwashe abin da ke RAM yake yi ya zuba a fayil ɗin hiberfil.sys, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ko mako ta yi ba wuta, inda ka tsaya za ka tarar. Tashinta ya ɗan fi jinkiri, amma a garin da ba ka san lokacin da wuta za ta dawo ba, wannan jinkiri ba abin damuwa ba ne.

Sababbin laftof su suka fi ba ni aiki. Tun Windows 8 a 2012 aka shigo da wani barci na daban, wanda daga Windows 10 ake kira Modern Standby. Barcin zomo ne, ido biyu: allo ya mutu, amma tana iya ci gaba da jan intanet da sabunta manhajoji. Umarnin powercfg /a ke nuna maka wanne kwamfutarka ke yi. Ka ɗauki mai irin wannan barci ka cusa a jaka, ka hau kabu-kabu da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ba iska ga fanka. Da haka batir ke kumbura har ya ɗago wurin shafa yatsa. Umarnin powercfg /sleepstudy na fitar da rahoton abin da ya sha batir tana barci. Ga mai tashi da kanta kuwa, powercfg /lastwake zai faɗi abin da ya tashe ta, powercfg /devicequery wake_armed ya jero masu ikon tashinta. Sau da yawa maus ne marar waya da ke motsi cikin jakar. A Device Manager, inda Windows ke jera kayan da ke haɗe da kwamfutar, ake cire masa wannan iko, aikin minti kaɗan.

Shuɗin allo mai rubutun DRIVER_POWER_STATE_FAILURE, lamba 0x9F, shi ne ke neman natsuwa. Ma'anarsa, ɗaya daga cikin direbobi, ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da kayan ciki, an ce ya kwanta ko ya tashi bai amsa ba. Na hoto da na wai-fai su na fara tuhuma. Yawancin lokaci daga filashi ɗaya aka zuba wa kwamfutoci iri-iri direbobi, ba a duba ƙirar kowacce ba. Ni shafin kamfanin da ya ƙera ta nake shiga da lambar da ke ƙasanta in sauko da nata. In ta kai ga sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ta hau, sai batir ya cika kuma a kan inbata, don in wuta ta yanke ana tsaka da wannan aiki, ana iya rasa kwamfutar ɗungurungum.

Akwai ƙananan dabaru da nake koya wa kowa kyauta. In allo ya ƙi dawowa, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, direban hoto zai sake tashi. Sannan Shut down ba cikakkiyar kashewa ba ce muddin Fast Startup, saitin saurin kunnuwa, na kunne, don yana ajiye wani ɓangare na tsarin ya dawo da shi, har da matsalarsa. Restart ne ke farawa daga tushe.

Irin wannan aiki ba ya kawo kuɗi kamar fomatin, don mai kaya bai ga an kwance komai ba. Yarana kan ce, "Oga, ai ba zai yarda an yi aiki ba." Sai in juya allon in nuna wa mai ita rahoton da idonsa, in karɓi kuɗin dubawa. Dokar shagon ita ce ba a goge komai sai an karanta rahotannin nan, an kuma kwafe fayilolin mutum.

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ana ta cusa Windows 11 a tsofaffin laftof da ba su cika sharuɗɗanta ba, kuma ina ganin ƙorafin barci na ƙaruwa a kansu, don masu ƙera su ba su fitar musu da sababbin direbobi ba. Irin waɗannan ba na ja da su. Kashe barcin nake yi gaba ɗaya, in bar dogon barci, in saita allo ya mutu bayan minti biyar don batir ya ɗan daɗe.