Talata, 8 ga Afrilu, 2025: Houston ta sake faɗuwa a bakin kofi

Jiya ban runtsa ba. Wajen ƙarfe biyu saura na dare aka fara wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, tsakanin Houston da Florida a birnin San Antonio, ba a tashi ba sai bayan ƙarfe huɗu. Florida 65, Houston 63. Na yi sallar asuba, na ɗan kishingiɗa, na tafi aiki da idanu jajur, kuma har yanzu da nake rubutun nan bayan isha'i abin yana ci mini rai.

Houston nake bi, kuma Hakeem Olajuwon ne sanadi. Ɗan Legas ne da ya je jami'ar yana matashi, ya buga wasan ƙarshe da ita sau biyu a jere, aka doke su duka biyun. A 1983 NC State ce ta cinye su 54 da 52 da ƙwallon da Lorenzo Charles ya dankara a kwando daidai lokacin tashi, kuma duk da an ci su, Hakeem aka ba kyautar gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta sake hana su. Daga baya ya ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, sau biyu da ƙungiyar Houston Rockets, a 1994 da 1995, ya buga wasanni da azumi a bakinsa, amma kofin jami'a bai taɓa shiga hannunsa ba. Ya je San Antonio kallon yaran bana. Na so a ce ya ga an ɗaga kofin nan yana raye, ko da a hannun wasu ne.

Kuma an kusa. Houston ce a gaba 31 da 28 a hutun rabin lokaci, bayan an dawo ta ba da tazarar maki 12. Walter Clayton, wanda shi ne ƙashin bayan Florida, ko maki ɗaya bai ci ba a rabin farko, domin yaran Kelvin Sampson, kocin Houston, sun manne masa, duk inda ya juya mutum biyu ne a gabansa. Will Richard ne ya riƙe Florida da jifa daga nesa har Clayton ya farfaɗo. Daga nan tazarar ta riƙa narkewa, maki biyu, maki uku, har aka yi kunnen doki. Saura ƙasa da minti ɗaya Florida ta shige gaba.

Abin da ya faru a daƙiƙun ƙarshe shi ne ba zan manta ba. Ƙwallo na hannun Houston, ana binta maki biyu. Aka miƙa wa Emanuel Sharp, ya yi tsalle zai jefa mai maki uku, sai ga Clayton ya taso masa da hannu a sama. Sharp ya ga in ya jefa za a doke ta, in kuma ya dira da ita a hannu alƙalin wasa zai busa laifin tafiya da ƙwallo, sai ya sake ta ƙasa. Doka ta hana shi ya zama farkon wanda zai sake taɓa ta. Haka ya tsaya a kanta yana kare ta da jikinsa, yana jiran ɗan'uwansa ya zo ya ɗauka, ƙwallo tana ta tsalle a gabansa, har Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya cika. Ko jifan ƙarshe Houston ba ta samu ta yi ba. Yaron ya durƙusa ya riƙe kansa. Wallahi na ji tausayinsa fiye da yadda na ji takaicin kofin. Sampson kuma yana da shekara 69, ya shafe rayuwarsa yana horarwa, wanda ya doke shi, Todd Golden kocin Florida, shekararsa 39.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai. A cikin 'yan wasan Florida akwai Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya, wanda ya bi ta makarantar horarwa ta NBA da ke Senegal kafin ya tafi Amurka. Kofin da ya gagari Hakeem, ga wani ɗan gida ya ɗauka. Allah Ya ƙara masa ɗaukaka.

Da yamma na leƙa filin kwando na unguwarmu, na tarar da ƙanena da abokansa. Yana ganina ya ce, "Yaya, ai na faɗa maka. Ka hana kanka barci kan wasan da aka tashi 65 da 63? A NBA ai wani lokaci makin rabin lokaci ke nan."

Na ce masa ya yi lissafi tukuna. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48. A jami'a ana ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta jefa, a NBA 24. Ya ce, "To ko an cire wannan, Yaya, wa ke cikinsu da zai iya abin da Jokic ke yi?"

Nan kam gaskiya ya faɗa, kuma ban yi masa musu ba. A makon jiya Nikola Jokic na ƙungiyar Denver ya ci maki 61 a wasa da Minnesota, ya kuma haɗa da ƙwato ƙwallo 10 da miƙawa 10. A watan jiya ya yi maki 31 da ƙwatowa 21 da miƙawa 22 a kan Phoenix, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Mutumin da aka ɗauka na 41 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a 2014, wanda bai taɓa taka jami'ar Amurka ba. Haka Giannis, haka Luka Doncic, haka Wembanyama, duk daga Turai suka zo kai tsaye. Idan ƙwarewa zalla mutum yake nema, babu inda ya kai NBA, kuma mafi yawan yaran da na kalla jiya ba za su taɓa samun gurbi a cikinta ba. Adama Sanogo ɗan Mali shi ne gwarzon gasar jami'o'i a 2023, ya ɗauki kofi da UConn yana azumin Ramadan, amma da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA a shekarar babu ƙungiyar da ta kira sunansa.

Abin da na kasa fahimtar da ƙanena shi ne nauyin wasa ɗaya. A NBA kowace ƙungiya tana buga wasa 82 kafin a shiga zagayen fitar da gwani, a can ma sai an ci ka sau huɗu cikin bakwai kafin ka fita. In ka yi mummunan dare, jibi ka gyara. Shi ya sa za ka tashi tsakar dare ka tarar an hutar da manyan 'yan wasa, ko ka ga ƙungiyoyin da ke ƙasa ba su damu da nasara ba, domin faɗuwa tana ƙara musu damar samun Cooper Flagg, tauraron jami'ar Duke, a zaɓen bana. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. A gasar jami'o'i kuwa ƙungiyoyi 68 ne, kuma kamar dambe take, da an yi kisa an gama. Flagg ɗin da kowa ke rububi ya ci maki 27 ranar Asabar, Duke tana gaba da 14 saura minti takwas, Houston ta dawo ta cinye 70 da 67, shi ke nan shekararsa ta ƙare. A 2018 ƙaramar jami'ar UMBC ta lallasa Virginia 74 da 54 a zagayen farko, Virginia ta haɗiye kunyar shekara guda cur, ta dawo ta ɗauki kofi a 2019. Shi ma kuskuren Sharp, da a NBA ne da an ce a haɗu a wasa na gaba. Jiya babu wasa na gaba, kuma ga irin su L.J. Cryer da J'Wan Roberts, da wannan ce shekararsu ta ƙarshe a wasan jami'a, babu shekara ta gaba ma a rigar Houston.

Wani dattijo da ke zuwa kallonmu ya sa baki, ya ce ai yaran jami'a don ƙauna suke wasa, 'yan NBA kuma don kuɗi. Na ce, "Baba, wannan da ne." Tun watan Yulin 2021 aka ba ɗalibai damar karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu, kuma yanzu sauya makaranta ya zama ruwan dare. Clayton daga Iona ya koma Florida, Chinyelu daga Washington State, Cryer kuma ya riga ya ɗauki kofi da Baylor a 2021 kafin ya zo Houston. Ni ban ga laifin haka ba ko kaɗan. A 2010 gidajen talabijin sun sayi damar nuna gasar nan ta shekara 14 a kan dala biliyan 10.8, masu horarwa suna kwasar miliyoyi, yaran da ke karya gwiwa a fili kuma aka ce guminsu ya tsaya a kuɗin makaranta. Wannan zalunci ne, kuma gara da aka kawar da shi. Abin da kawai nake kewa shi ne ganin yaro ya girma a riga ɗaya, yadda Tim Duncan ya yi shekara huɗu a Wake Forest.

Muna shirin watsewa don magariba wani ya duba wayarsa ya ce Denver ta kori kocinta Michael Malone. Mutumin da ya kawo musu kofinsu na farko a 2023, saura wasa uku kacal a gama wasanni 82 ɗin nan. Ƙanena, da yake Denver yake bi saboda Jokic, jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Yaya, yanzu wa zai riƙe su a wannan ƙurarren lokaci?" Ina ganin rashin adalci ne, musamman bayan abin da Dallas ta yi a watan Fabrairu da ta miƙa Luka ga Lakers ba tare da ya nema ba. Daren gobe Luka zai koma Dallas karon farko a rigar Lakers, kuma mun yi da ƙanena zai zo mu kalla tare, in Allah Ya kai mu.