Shekarar 1492 da na ɗauka na sani

Daren jiya 'yata ta kawo mini aikin makaranta a kan shekarar 1492, na karɓi littafin ina taƙamar ba zai ci mini minti goma ba, domin abin da aka haddatar da mu muna yara shi ne Kolumbus ya tashi daga Sifen da jiragen ruwa uku, ya sauka a wani tsibirin Bahamas ranar 12 ga Oktoba. Kafin in ɗago kai, shayina ya huce a gefen tabarma.

Ashe tun ranar 2 ga Janairu Sarki Muhammad na 12 ya miƙa birnin Garnaɗa ga Ferdinand da Isabella, sarki da sarauniyar Kiristocin Sifen, mulkin Musulmi na kusan shekara 800 a Andalus ya ƙare, kuma ba a cika wata uku ba aka sa hannu a dokar korar Yahudawa daga ƙasar. A watan Afrilu Lorenzo de Medici, uban gidan masu zane da sassaƙa na birnin Florence a Italiya, ya mutu yana da shekara 43, kwana uku kafin a haifi Marguerite, marubuciyar da ta zama sarauniyar Navarre, a Faransa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutuwar Sonni Ali na Songhai a watan Nuwamba, wadda ta buɗe wa Askiya Muhammad hanyar karɓar mulki a 1493, alhali Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano. Na sha wucewa ta ƙofar Gidan Rumfa, amma ban taɓa kawowa a raina cewa mai gidan da Kolumbus sun yi zamani ɗaya ba. Ita kuwa mai aikin tuni ta yi barci da fensir a hannu.