Filasta ba ta ɗaukar kaya

Ina wata na huɗu da fara bin maigidana aikin maƙala talabijin da kanta a gidajen mutane ya tura ni wani aiki ni kaɗai. Gidan wata Hajiya ne a Agege, tana son kanta a kicin. Na huda bango wuri huɗu, na cusa fisha mai lamba 6, wato 'yar robar nan da ake sakawa a rami don ta riƙe noti, na ɗaure noti, na jijjiga kantar ban ji ko motsi ba. Bayan kwana tara ta kira. Kanta ta zubo cikin dare, farantan tangaran ɗinta sun tarwatse.

"Ɗana, ba kuɗinsu ne ya dame ni ba, tun na aurena ne," in ji ta. Maganar nan har yau tana raina.

Da muka je gidan, maigidana bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya tsinto fisha ɗaya a ƙasa, lafiyarta ƙalau, sai dunƙulen filasta manne a jikinta. Ya zura yatsa cikin ramin ya ce in zura nawa. Ashe maginin ya gyara karkatar bangon ne da yaɓe mai kauri, kusan inci guda, ita kuwa ƙaramar fishar tsawonta milimita 30 ne kacal. Da ƙyar bakinta ya taɓa bulo. Duk nauyin nan a kan yashi da ɗan siminti na rataye shi, a gari mai laima irin Legas, inda bangon kicin ke jan ruwa har filasta ta riƙa murmushewa a hannu.

Tun daga ranar ba na kunna injin huda sai na ƙwanƙwasa bango da bayan sukundireba. In ya yi ƙara kamar ganga, filasta ta rabu da bulo, sai in matsa gefe. Ina kuma duba ƙurar da ke fitowa. In tana zuba laɓa-laɓa kamar gari, bulon ba shi da ƙarfin siminti. In injin ya zurma ciki lokaci guda, na faɗa kogon bulo ke nan, domin yawancin ginin nan da bulo mai rami aka yi shi, ɗan inci 6 ko 9. Wurin yana son fishar da ke dunƙulewa ta baya ta kama. Bakin injin kuma dole ya zo daidai da lambar fisha, a hure ƙurar ramin kafin a saka. Saman soket da makunni ba na hudawa a miƙe, nan waya ke bi.

Abin da na fi ƙi shi ne cusa tsinken ashana ko guntun katako a rami. Damina ta kumbura shi, rani ya tsotse shi, wata rana noti ya zare. Don maganin irin wannan ne Bajamushen nan Artur Fischer ya ƙera ta roba a 1958, sunansa ne ma muka mayar fisha.

Washegari muka koma gidan Hajiya da dogayen fisha masu lamba 10, na biya daga aljihuna. Da muka gama, maigida ya kama kantar da hannu biyu ya saki nauyinsa a kai. Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, sai da ta ga haka sannan ta miƙo tukunyar farko.