Ramin huda ɗaya, shekara arba'in na girma: abin da dajin mefil ya koya mana

A kudancin Kebek ta Kanada, lardin da ke samar da kusan kashi 70 cikin ɗari na maɗin mefil na duniya (mefil bishiya ce da ake hudawa a tatsi ruwanta mai ɗan zaƙi), kakar tatsa ba ta wuce mako huɗu zuwa shida, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. Ruwan bishiyar ba ya zuba sai dare ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa, rana kuma ta ɗan saki. Sukarin da ke cikinsa kusan kashi 2 ne kacal, don haka mu masu tatsa a nan sai mun dafa wajen lita 40 kafin mu sami lita ɗaya mai sukari kashi 66, a zafin digiri 104 na ma'aunin Celsius. Wanda ya san girkin mazarƙwaila zai gane aikin.

Girkin dai ana koyonsa a kaka biyu. Inda muka yi ɓarna a jikin itacen ne. Bishiya ba ta isa huda ba sai kaurin gindinta ya kai santimita 25, wato shekara arba'in ko kusa da haka. Da farko mun riƙa huda rami biyu har uku a manyan bishiyoyi, da tsohon bututu mai faɗin milimita 11. Da muka sare wata da iska ta karya, sai muka ga kowane rami ya bar dogon tabo mai duhu a cikin farin itacen, ya miƙe sama da ƙasa. Wannan wuri ya mutu ke nan, ruwa ba zai sake bi ta nan ba. In ka huda cikinsa baɗi, sai dirila ta fito da gari ruwan ƙasa maimakon fari, bututun kuma ya wuni a bushe. Yanzu milimita 8 muke amfani da shi, zurfin santimita 4 zuwa 5, rami ɗaya a bishiya sai in kaurinta ya wuce santimita 45, kuma sabon rami yana nesa da na bara ta gefe da ta tsawo. Da injin da ke zuƙo ruwan daga bishiyoyi ta cikin tiyo, ruwan da muke samu bai ragu sosai ba, muddin ana bin tiyo kullum ana toshe inda kurege ya ciza.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin da sunan gyara muka yi shi. Mun sassare duk itacen da ba mefil ba don su sami rana. Daji mai iri ɗaya kuwa gayyata ce ga tsutsa mai cin ganye, kuma iska da ƙanƙara suna samun hanya, kamar yadda guguwar ƙanƙarar Janairun 1998 ta kakkarya rassa a yankin nan. Yau muna barin aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na wasu itatuwa, har da busassu masu kogo saboda tsuntsaye. Ƙananan tsiro kuma muna killace su, in ba haka ba barewa ta cinye bishiyoyin da za a tatsa nan da shekara arba'in. Inda ruwan sama mai asid ya wanke sinadarin kalsiyam, sai an auna ƙasa kafin a watsa garin farar ƙasa. Itacen wuta daga nesa ba ya shigo mana, don ta cikinsa ƙwaron Asiya mai dogon ƙaho, wanda ke kashe bishiyoyi, yake yaɗuwa, wanda ya sa aka sare dubban bishiyoyi a Worcester ta jihar Massachusetts a Amurka bayan an gano shi a 2008.

Ɗumamar yanayi ce ba ta hannunmu. Dusar ƙanƙara bargo ce ga saiwar mefil, wadda ba ta nitsa sosai. A dajin gwaji na Hubbard Brook da ke jihar New Hampshire a Amurka an kwashe dusar ƙanƙarar da gangan, ƙasa ta daskare, saiwoyi suka lalace, girman bishiyoyin ya ragu ƙwarai. Zafi kuma yana zuwa da wuri: a Maris ɗin 2012 ya katse kakar masu tatsa da yawa. Da toho ya fara kumbura, ɗanɗanon maɗin ya ɓaci, sai dai a cire bututu. Shi ya sa yanzu muke gama huda kafin lokacin da aka saba, muna kuma lallaɓa jan mefil, wani nau'in mefil dabam da wanda muka saba tatsa, wadda a da muke sarewa, saboda ta fi jure sauyin ƙasa da yanayi.