Daga Bayan Kyamara Zuwa Kujerar Darakta

Shekaru na yi ina ɗaukar fina-finan faɗa kafin a damƙa mini aikin ba da umarni, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne sakin kyamara. Hannu ya riga ya saba. Sai dai duk lokacin da darakta ya tsaya gyaran fitila, jarumansa na can a tsaye ba mai ce musu komai.

Jan de Bont, ɗan ƙasar Holan, shi ya ƙarfafa mini gwiwa. Shi ne ya ɗauki fim ɗin Die Hard na 1988, amma da ya zo ba da umarnin fim ɗinsa na farko, Speed, wanda ya fito a 1994, sai ya bar wa Andrzej Bartkowiak aikin ɗauka. In gwani irin wannan zai iya sakin kyamara, ni ma ba ni da hujjar riƙe ta. Na samu wanda na yarda da idonsa, na koma gaban monita, allon da ke nuna abin da kyamara ke ɗauka.

Tsohuwar sana'ata ta yi mini rana sosai wajen faɗa. Naushin fim ba ya sauka a fuska. Akwai tazara tsakanin dunƙulen hannu da haɓa, kyamara ce ke ɓoye ta. In ka kafa ta a bayan kafaɗar mai naushi, ka sa gilashin da ke jawo nesa kusa, tazarar ta ɓace ke nan. Sauran aikin na wanda aka kai wa naushin ne: in ya karkatar da kai daidai lokaci, mai kallo ya yarda, in ya makara ko da ƙiftawar ido ne, asiri ya tonu. Fim na tafiya ne a kan hoto 24 cikin daƙiƙa, don haka in faɗa ya yi sanyi nakan ce a ɗauka a 22, ya fito da zafi ba tare da an gane ba. Ba na kuma yarda kyamara ta tsallake layin da muke ƙaddarawa tsakanin masu faɗa biyu haka kawai, don kada wanda ke dama ya koma hagu mai kallo ya rikice.

Abin da kyamara ba ta koya mini ba shi ne mutane. Wata rana jarumina, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya matso kusa ya ce, “Darakta, a nan tsoro nake ji ko fushi?” Babu fitilar da za ta amsa wannan. Tun daga lokacin, kafin mai tsara faɗa ya fara ƙirga taku, sai mun zauna mun daddale me kowa ke nema a faɗan, da abin da zai rasa in ya faɗi. Faɗan da ba shi da dalili, komai kyan ɗaukarsa, gajiyar da mai kallo yake yi.

Mai tsara faɗa kuwa, in ya ce tsalle kaza akwai haɗari, magana ta ƙare, ko da furodusa na duba agogo.

Sai ɗakin tacewa. Akwai wani hoto da muka jira faɗuwar rana muka ɗauka, ƙura na tashi a bayan mota. Edita ya ce yana tsayar da gudun labari. Na kalla da shi, na kalla babu shi, na ce ya cire.