Safiyo Kafin Kafin-Alƙalami

Filin da dillali ya nuna maka da yatsa daban, wanda ke rubuce a takarda daban, wanda ke cikin rajistar ofishin filaye ma daban. Amfanin awo shi ne a haɗa ukun nan a ga ko abu ɗaya ne. Shi ya sa ba na ba da ko kafin-alƙalami sai safiyo mai lasisi ya taka wurin, kuma ni nake ɗauko shi, ni nake biyan sa. Wanda mai sayarwa ya kawo, aikin mai sayarwa yake yi.

Abin da nake fara karɓa shi ne kwafin zanen filin. Ina duba lambar kowace alamar iyaka, da tsawon kowane ɓangare da inda ya dosa, da girman filin a murabba'in mita, da hatimi da sa hannun wanda ya zana. In babu lambobin da ke nuna matsayin kusurwoyin a doron ƙasa, zanen nan hoto ne kawai, zai hau kan kowane fili mai irin siffarsa.

Ranar awo, alamun iyaka muke fara nema, ɗaya bayan ɗaya. A wani fili mun tono uku a cikin ciyawa, kankarensu ya yi baƙi, ƙasa ta riƙe su gam. Ta huɗun da na taɓa ta da ƙafa sai ta motsa, ƙasar gefenta sako-sako. Da safiyo ya ɗora na'urarsa a kanta, sai ga shi an tura ta kusan mita 2 cikin filin maƙwabci. Da an gina katanga a kan wannan layin, rushe ta za a yi. Ganin alama a ƙasa bai isa ba, sai matsayinta ya yi daidai da na takarda.

Kada a dogara da GPS na waya a wannan aikin. Kuskurensa kan kai mita 3 zuwa 5, a kusa da bishiyoyi ko dogayen gine-gine ya fi haka. Na'urar safiyo mai aiki da RTK kuwa, wato dabarar gyara kuskuren GPS nan take, kuskurenta 'yan santimita ne. Akwai kuma wani tarko da masu saye ba su cika sani ba: tsarin da aka ɗora lambobin a kai. Waya da taswirorin intanet suna amfani da tsarin duniya mai suna WGS84, tsofaffin zane-zane da yawa kuwa an yi su ne a kan tsarin cikin gida na ƙasar. In aka zuba lambobin wancan a wannan ba a juya su ba, filin zai iya gocewa da gomman mitoci, ya sauka kan na wani ko tsakiyar titi. Ina tambayar safiyo da baki wane tsari ya bi, kuma ina so in gan shi a rubuce a jikin zanen.

Tef ma yana da nasa aikin. An ce maka fili ƙafa 50 ne a 100, wato kusan murabba'in mita 465. Auna ɓangarorin huɗu kaɗai ba ya tabbatar da hakan. Ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallon ta a karkace, sau biyu. In filin a miƙe yake, kowanne zai ba da ƙafa 111.8. In ɗaya ya ba da kusan 100, ɗayan kusan 123, filin a kishingiɗe yake, ka rasa wajen murabba'in mita 16, ginin da aka zana maka kuma ba lalle ya zauna ba. A kan gangara tef yana ƙara tsawo, domin awon takarda a shimfiɗe ake lissafa shi. A manyan filaye kuma a tabbatar da ma'aunin da ake ciniki da shi: hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kusan 4,047.

Daga nan lambobin su tafi ofishin filaye a ɗora su kan babbar taswira. Can ne ake gane ko filin ya hau kan wanda aka riga aka yi wa rajista, ko gwamnati ta keɓe wurin, ko titi zai bi ta ciki. Tazarar da doka ta ce a bari daga titi, da magudanar ruwa, da manyan wayoyin lantarki, ina sa a fitar min da ita a zanen, don abin da ya rage shi ne ainihin abin da zan iya ginawa, kuma a kansa nake yin tayi.

In ciniki ya faɗa, ranar da za a kafa sababbin alamu ina gayyato maƙwabtan kowane ɓangare su gani da idonsu. Kafin a haƙa tushen katanga kuma safiyo ya dawo ya ja wa magini igiya, a yi ginin daga cikin layi, a bar alamun a fili kada siminti ya binne su.