Makunnin taɓawa a bayan gilashi: aikin wayar ƙasa da raba wuta

Aikin da wana ya ba ni bai yi kama da mai wahala ba: makunnin fitila huɗu a falonsa, marasa maɓalli, gilashi kawai da za a taɓa fitila ta kama. Na ɗauko ƙananan allunan TTP223 huɗu masu jin taɓawar yatsa, da Arduino Nano, wato ƙaramin allon kwamfuta mai ba da umarni, da allon rilay mai hanya huɗu, wato makunnan da lantarki ke kunnawa, na manna faifan jan ƙarfe a bayan gilashi mai kaurin milimita 4. A kan teburi komai lafiya lau. Da aka kai bango sai fitilu suka fara kunna kansu, musamman idan an ɗauke wuta inbata ta karɓa.

Tun a teburin ma akwai alama. Idan laftof ɗin da ke ba allon wuta yana jone da cajarsa mai ƙafa uku, yatsa bai gama isa gilashi ba fitila ta amsa. Na zare caja ya koma kan batir, sai na danna sosai. Na riƙe ƙarfen bakin USB da hannun hagu na taɓa da dama, sai jin ya dawo har ya fi na da. Dalili shi ne abin da na'urar take aunawa ɗan ƙarin kafasitans ne, wato ikon riƙe cajin lantarki, da yatsa ke kawowa, wanda ta bayan gilashi sau da yawa bai kai fikofarad ɗaya ba, wani ma'auni ɗan mitsitsi, kuma hanyar ba ta cika sai ta bi jikin mutum, ta sauka ƙasa, ta dawo layin GND na allon, wato layin da wuta ke komawa ta kansa. Wato rabin na'urar yana wajen allon, a jikinka da daɓen ɗaki da abin da ke ba ta wuta.

A bango kuwa cajar waya mai ƙafa biyu na sa. Na ɗora tasta a ƙarfen USB ɗinta, ga fitilar tastar ta kama. Mita ta nuna sama da 100V tsakanin GND da ƙasa. Irin waɗannan cajojin suna da wani ɗan kafasita, abin riƙe caji, tsakanin ɓangaren 230V da ɓangaren 5V, an sa shi don rage hayaniyar lantarkin da cajar ke watsawa, shi ne ke sa layin GND ya riƙa lilo a kusan rabin wutar gida. Abin da ke ratsawa kaɗan ne ƙwarai, iyakarsa ɗan tsikarin nan da mutum ke ji a jikin waya tana caji. To amma ga abin da ke auna ƙasa da fikofarad ɗaya, wannan babbar hayaniya ce. Inbatar gidan kuma irin mai arhar nan ce da wutarta ke fita mataki-mataki, kaifin matakan yana ratsa kafasitan cikin sauƙi.

Na ce da wana, "Yaya, gidan nan akwai wayar ƙasa kuwa?" Ya ce ai duk soket ɗin masu rami uku ne. Muka kwance ɗaya, ramin na sama babu komai a bayansa. Aka kira mai wayarin ya kafa sandar jan ƙarfe a bayan gida ya ja waya zuwa akwatin raba wuta, sannan na ɗaure GND na ɓangaren taɓawa da ita a wuri ɗaya tak. Wuri biyu yana buɗe zagayen da hayaniya za ta bi.

Sai raba wutar kanta, wato hana ɓangarori biyu haɗuwa ta waya. Allunan rilay ɗin nan suna zuwa da PC817 a kowace hanya, ɗan ƙwayar da ke isar da umarni da haske, babu waya tsakanin ɓangarorinsa biyu, kuma a takardarsa yana jure 5000V. Amma a gefen allon akwai wata 'yar hula da ta haɗa ƙafar VCC, mai ba ɓangaren umarni wuta, da JD-VCC, mai ba rilay ɗin wuta. Muddin tana nan, wuta ɗaya ce ke ciyar da ɓangarorin biyu, rabuwar ta zama suna kawai, duk tsallen da nadin rilay ya yi yana komawa kan Arduino. Na cire hular, na ba rilay ɗin tasu 5V daban, ban haɗa GND ɗinsu da na ɓangaren taɓawa ba. Shi kuma ɓangaren taɓawa na ba shi ƙaramar taransifoma ta ƙarfe irin ta tsohon rediyo, da 7805 mai daidaita wuta a kan 5V a gabanta. Tana da nauyi, tana ɗumi, amma wutarta a natse take. Na gwada B0505S, ɗan abin da ke karɓar 5V ya fitar da 5V a rabe, kafin nan. Yana raba wuta da kyau, sai dai shi ma yana da nasa ɗan kafasitans tsakanin nadinsa, hayaniya mai saurin kaɗawa tana wucewa abinta. A ganina mutane da yawa nan suke ruɗewa: raba wuta kaɗai ba ya maganin duk wata hayaniya.

Abu ɗaya ne ba na yarda da shi ko an ce a rage kuɗi, wato rage 230V da kafasita kawai ba taransifoma. A irin wannan haɗin GND ɗin allon yana manne da wutar gida, gilashin nan kaɗai ke tsakanin yatsan yaro da ita, gilashi kuwa yana tsagewa.

Da na zo zana allo na kaina sai batun jan ƙarfen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin faifan taɓawa ya taso. Shimfiɗa cikakkiya tana tare hayaniya, amma tana shanye jin faifan, don tana ƙara masa kafasitans da ya ninka na yatsa. Shawarar kamfanin Cypress ga masu amfani da fasaharsa ta taɓawa mai suna CapSense ita ce a yi ta kamar raga, kashi 25 cikin ɗari a sama, 17 a ƙasa, a kuma sa rizista, abin rage gudun wuta, mai 560Ω a kan layin kowane faifai kusa da ƙwayar da ke auna taɓawar. Haka na bi. Rizistar nan tana da rana a hunturu, lokacin da iska ta bushe mutum ya taso daga kujera ya taɓa ƙarfe ya ji tas. Wayoyin faifan na gajarta su, na nisanta su da na 230V, inda dole suka haɗu na gitta su, ban bar su sun jeru ba. Tsakanin ɓangarorin biyu na bar tazarar milimita 8 na yanka tsaga a allon, saboda ƙura da laimar damina suna iya zama hanyar wuta.

TTP223 yana auna yanayin da ya samu kansa a cikin kusan rabin daƙiƙar farko bayan ya samu wuta, ya ɗauke shi a matsayin babu taɓawa. Don haka na sa Arduino ya yi watsi da duk abin da faifan ya faɗa na daƙiƙa biyu bayan kowace dawowar wuta, ya kuma ajiye a ƙwaƙwalwarsa fitilun da ke kunne kafin a ɗauke, ya mayar da su yadda suke.